Ƙwaryar da Kare Ya Lasa

A wani rami bayan Unguwar Mansur, inda muke zaune, maigidana ya tsinci karen, shekara biyu da isowarmu Makka, lokacin ana ta aikin faɗaɗa Harami. Ƙafarsa ta baya a karye, kunne ɗaya a yage, ƙudaje sun rufe shi. Ya naɗo shi a buhu, ya ajiye shi a tsakar gida, dab da randata.

Na ce, "Malam, mene ne wannan?"

Ya ce, "Baƙo ne, Hajiya. Kwana uku zai yi."

"Mun ratso Cadi da Sudan, shekara huɗu a hanya, don mu zo garin nan mu yi kiwon kare?"

Ya tsuguna gaban karen. Ya ɗaure masa ƙafa da karan tsire, don sai da tsire ne sana'arsa, ya tafi kasuwa ya bar ni da shi. Kwana ukun nan shekara shida suka zama.

Ina da wata ƙwarya da mahaifiyata ta ba ni ranar da muka baro gida. Ta sha rana a bayan jaki, ta hau mota, ta hau jirgin ruwa, ko tsagewa ba ta yi ba. A ciki nake dama fura. Da ƙafar karen ta fara warkewa, abin da ya fara nufa ke nan. Na fito daga ɗaki na tarar da kansa a ciki har wuya.

Maƙwabciyata, wata 'yar Yaman, ta leƙo ta saman katanga.

"Ya jara," haka take kirana da Larabci, wato maƙwabciya, "wanke ta sau bakwai! Ɗaya da ƙasa!"

Mu a karatunmu na gida wanki bakwai ne, ba a sa ƙasa. Amma idonta na kaina, kuma na san in ban yi ba, har abada ba za ta ƙara shan furata ba. Na ɗebi ƙasa na dirza. Ƙasar Makka kuwa ba irin tamu ba ce, tsakuwa ce zalla, ga ni da fushi a hannu. Ƙwarya ta tsage daga baki har gindi.

Na wurga wa karen ita. Na ce, "Ungo, ka ci gadon."

Malam ya ɗinke ta da zare, ta zama mazubin ruwan kare.

Wanda bai zauna a can a zamanin ba, ba zai gane ba. Babu famfo a unguwarmu. Sau ɗaya a yini saƙƙa, wato mai ga-ruwa, yake hawowa da garwa biyu. Da su za a sha, a yi alwala, a yi girki. Kare kuma ya lashi buta, bakwai. Ya lashi kwano, bakwai. Har na sa aka kafa mini ƙusoshi a bango, komai nawa ya koma rataye, kamar shagon mai tukwane. In na yi magana Malam ya ce yana gadin nama. Gadin me? Kyanwa ta wuce ta gabansa da hanta a baki, ya bi ta da kallo.

Wata shekara gab da Hajji na ba da shi ga wani makiyayi Balarabe da ya kawo raguna. Ya ɗaure shi da igiya ya yi gabas da shi, bayan Mina. Na sauke kwanukana daga bango. Rana ta uku ina tankaɗe, sai ga shi, yana ɗingishi, guntuwar igiya a wuya. Ya wuce ni ya tafi inda ƙwaryar take, ya tsaya yana jira.

Malam ya yi dariya har da hawaye. "To, Hajiya, baƙo ya dawo."

Na zuba masa ruwan. Me zan yi?

A shekararsa ta shida a gidanmu, wata rana da safe karen ya mutu, cikin tsananin zafi, a damshin gindin randa, inda na sha korarsa. Tsufa ne kawai. Malam ya naɗe shi a buhu kamar yadda ya kawo shi, ya kai bayan dutse ya binne. Ba a zaman makoki don kare, ba wanda zai zo maka gaisuwa.

Maƙwabciyata ta leƙo. "Kin huta, ya jara. Sai ki wanke ƙwaryarki ki mai da ita ɗaki."

Gaskiya ta faɗa. Ta mahaifiyata ce, kuma ga shi babu mai lasa. Na zauna da buta ina ƙirgawa. Ɗaya, biyu, har shida. Sai hannuna ya tsaya. Na ga in na yi na bakwai, ta tashi daga zama ta karen.

Na ji haushin kaina ƙwarai. Mace da hankalinta, a Makka, ta ɓarnatar da ruwa shida a banza.

Na kife ta a inda take. Da Malam ya tambaya, na ce ruwa ne ya ƙare. Ya dubi randa, cike take, ya sa takalminsa ya fita.