Ranar da Aka Faɗi Sunan Yaya Hajara a Majalisa

Wata Alhamis ce bayan azahar, cikin kakar shekarar da nake aji biyar a lakwal, wato makarantar boko, Baba ya fito da radiyonsa, ya sa mata sababbin pil, wato batura, ya ɗora ta kan turmin da aka kifa a ƙofar gida. Maza suka shimfiɗa tabarmi a inuwar dogon yaro, mata suka tsaitsaya bayan danga, wasu hannuwansu duk ƙaiƙayin shinkafa. A ranar ne depitenmu, ɗan majalisar da ke wakiltar ƙasar Malanville, zai miƙe a majalisa can Porto-Novo, babban birnin ƙasarmu, ya yi wa ministoci tambaya kan hanyarmu. Ba a saba ɗiya mace ta zauna tsakiyar maza ba, amma ni aka zaunar dab da radiyon, domin malamin lakwal ɗinmu ya tafi jana'iza garinsu, kuma bayansa ba wanda ya kai ni jin Faransanci a ƙauyen.

Ƙauyenmu yana bayan Tumbutu ta ƙasar Malanville, cikin fadamar kogi. Tsakaninmu da babbar hanya akwai wata ƙorama wadda da rani ko akuya takan tsallake ta, da damina kuwa sai ta cika ta batse, ta hau kan kadarkon itacen da iyayenmu suka girka. Shinkafa da albasa muke nomawa, maza su yi su, mata su yi banda. A nan na tashi ina bin yayata Hajara kamar jela. Ita ta koya mini korar tsuntsaye da gwangwani mai tsakuwa, ita ta koya mini naɗa gammo da sheƙar shinkafa ba tare da iska ta kwashe rabi ba, kuma ita ke ba da waƙa in 'yan mata sun fita gaɗa da yamma. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma kullum sai ta buɗe littafina ta duba, in ta ga jan biro ya yi yawa ta murɗe mini kunne. Takan ce, "Ke dai yi karatu, ni in yi miki kitso." Da ta yi aure ma ban rasa ta ba, don gidan mijinta bai fi jifa daga namu ba, kuma ƙanzon tukunyarta nawa ne.

Da daminar wannan shekara haihuwar fari ta zo mata da gardama. Tun hantsi ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta, a kai ta likita Malanville. Kwana biyu ke nan ana ruwa. Aka kwantar da ita a amalanken jaki, Inna tana tallafe da kanta, ni ina biye da buta da zannuwa. Muka iske ƙorama ta tafi da kadarkon. Jirgin ruwan da ya fi kusa yana can bakin kogi, mijinta ya ruga neman waɗanda za su ɗauko shi. Muka zauna a gaɓa muna hangen motoci na wucewa a wancan ƙetare. Can Yaya ta bar nishi, ta ce in jiƙa mata leɓe, na jiƙa. Kafin a iso da jirgin la'asar ta yi, ita da abin da ke cikinta sun riga mu gidan gaskiya. Jakin da ya kawo ta shi ya mayar da ita.

Bayan sadakar arba'in depite ya zo rangadi. Ya bar motarsa a ƙetare, ya naɗe wando ya ratso ruwa da takalmansa a hannu. Mutane suka yi ta kai kuka, wannan taki, wancan injin ban ruwa, wani kuma albasar da ke ruɓewa a rumbu don mota ba ta shigowa. Baba ba mai magana a taro ba ne, amma ranar ya miƙe ya ce, "Ranka shi daɗe, ni ba ni roƙon komi. Ka dai tambaye su, ɗiyata mi ta yi musu?" Depite ya ce a rubuta masa abin da ya faru. Na yage takarda daga tsakiyar littafina, Baba yana faɗi ina juyawa zuwa Faransanci. Sau uku ina sakewa, don hawaye na ɓata tawada.

To, a wannan Alhamis ɗin sai ga muryar depite cikin radiyo. Ya tambayi ministoci yadda suke son manomi ya ciyar da ƙasa alhali amfaninsa ba ya iya fita ƙauye, da yadda likita zai amfani wanda ba shi da hanyar zuwa gare shi. Sannan ya karanta takardata, har da kurakuraina. Cikin duk wannan Faransanci kalma ɗaya kowa ya gane, Hajara. Na ji Inna ta sulale ta zauna a ƙasa bayan danga. Depite ya rufe da tambaya: yaushe za a yi gada? Minista ya amsa cikin ladabi, ya daɗe yana bayani. Ya ce akwai tsari, za a yi bincike, yankuna da yawa suna jira, in hali ya samu za a duba. Bai faɗi lokaci ba, bai faɗi sunanta ba. Depite ya nemi ya ƙara magana, aka ce lokacinsa ya ƙare.

Baba ya juyo ya ce, "Rabi, mi ya ce?" Idon kowa yana kaina. Na dubi fuskarsa, duk ta zube cikin wata uku, sai na ji bakina yana cewa, "Ya ce yana yi maka ta'aziyya, Baba. Ya ce za a yi gada." Baba ya ɗaga hannu ya yi addu'a, maza suka shafa.

Da yamma ina hura wuta Inna ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Mutumen ya daɗe shina magana, ke kuwa kalma biyu kinka kawo muna." Na ci gaba da hura wutata, ita ma ba ta sake tayar da zancen ba. Baba kuwa ya riƙe maganata da hannu biyu. Kowane rani sai ya ɗauki lauje ya share gaɓar ƙorama don ma'aikata su iske wuri fes. In baƙuwar mota ta tsaya a ƙetare, ya aike ni da fura. Ko a hira aka taɓa ministan sai ya tare, ya ce a bar mutumin da ya yi masa ta'aziyya. Sau da yawa na ƙudura zan gaya masa gaskiya, in na zauna gabansa sai in kasa. Depite ya faɗi zaɓe na gaba, daga baya na ji cewa ya maimaita tambayar kafin ya sauka. Ina sakandare a Malanville aka aiko Baba ba lafiya. Da na shiga ɗakinsa ya tambaye ni ko na ga ma'aikata a hanya. Na ce sun kusa.

An yi gadar shekaru bayan rasuwarsa. Yanzu ina sayar da albasa a kasuwar Malanville, in zan je ganin Inna ɗan kabu-kabu yakan ƙetare da ni kafin in gama karanta fatiha. Yara na wanka a ƙarƙashinta, ba su san an taɓa zama a gaɓar nan ana hangen motoci ba. Zaman majalisa ma a waya ake kallonsa, a fassara shi da Dandanci da Hausa, ba a buƙatar wata yarinya ta zauna kusa da radiyo. Ni dai har yau ban sani ba, jinƙan Baba na yi ko zaluntarsa.