Ranar da 'Yata Ta Ce Ta Ga Kakanta

Assalamu alaikum Edita. Na kawo nawa labarin ne ko da masu karatu za su yi mini dariya, domin a unguwarmu an riga an gama yi tuntuni.

A shekarun da aka fara aiki da shari'a a jiharmu, ni tela ne, ina ɗinki a zauren gidanmu na gado cikin tsohon garin Daura, ba nisa da rijiyar Kusugu. Daga ni sai matata, sai 'yarmu mai shekara huɗu, sai mahaifiyata da muke kira Inna. Lokacin ina ji da sabon karatu. Na ɗage wando, na tsayar da gemu, duk wanda ya kawo ɗinki sai ya tafi da wa'azi kyauta. In aka tayar da zancen fatalwa a majalisa, ni ne mai bugun ƙirji in ce wanda ya mutu ya tafi ke nan, masu tsoro imaninsu ne ke da rauni.

Mahaifina ya rasu da damina. Bayan 'yan watanni, muna cin tuwo, sai yarinyar ta ce ta ga Kaka ɗazu ya wuce ta ƙofar gida. Ta faɗa ne tana lasar yatsa, kamar mai cewa ta ga akuya. Matata ta saki ludayi ta hau salati. Ni kuwa na daka mata tsawa, na ce in ta ƙara irin wannan ƙarya sai na zane ta. Ban tambaye ta yadda ta gan shi ba, balle me yake yi. Amma tsakanina da Allah, ban ƙarasa tuwon nan ba.

Daga ranar kowa ya kama nasa maganin. Matata ta sayo kaset ɗin ruƙiyya, tana kunnawa tun safe, tana shafe yarinyar da man zaitun har tana ƙyalli kamar ƙosan da aka tsamo yanzu. Ta kira wani malami ya yi mata karatu a kunne, yarinyar ta yi barcinta har da minshari, shi kuma ya ce lallai aljanin mai taurin kai ne. Inna kuwa sai ta ja ta ɗaki, ta ba ta alewa, tana tambayarta ko ya rame, ko ya tambayi lafiyarta. Har fushi ta yi, wai duk shekarun da suka yi tare bai ga damar leƙo ta ba sai amaryarsa, kamar yadda yake kiran jikar tasa da wasa. Yarinya ta gane inda alewa take fitowa, sai saƙonni suka fara zuwa. Kaka ya ce kada a yi mata kitso. Kaka ya ce a sayo mata awara. Kaka ya ce Baba ya rage faɗa. Inna ta tsaya kai da fata sai an cika umarnin marigayi.

Ni da nake cewa ƙarya ce, sai ga shi na kasa zama ni kaɗai a zaure. Na fitar da keken ɗinkina waje, na ce wa mutane zafi ne ya kore ni, alhali sanyi ake yi. Magana ta zagaya unguwa cewa ana ganin fatalwa a gidan tela. Yaran da ake aikowa da yadi sai su tsaya daga nesa su miƙo. Waɗanda na sha yi wa wa'azi suka riƙa tsayawa suna tambayata, wai ya marigayi mai gida ya kwana.

Wata ranar kasuwa bayan la'asar, ina ƙofar gida ina sa maɓalli, yarinyar tana wasa da ƙasa a gefena. Sai ta miƙe zumbur ta ce, “Baba, ga Kaka!” Na ɗaga kai. A ƙarshen lungu ga wani dogon tsoho ya ba ni baya, sanye da shuɗiyar rigar mahaifina. Ba zan kasa gane ta ba, ni na ɗinka ta, ni na yi mata faci a kafaɗa. Edita, har yau ban san yadda aka yi ba, na dai tsinci kaina a bayan ƙyauren ɗakina da takalmi ɗaya, na kama Ayatul Kursiyyu daga tsakiya na ƙarasa da addu'ar cin abinci. Matata ta leƙo ta tambaye ni ina yarinyar. Nan na tuna lungunmu titi yake fita, inda motocin zuwa Kongolam, bakin iyakar Nijar, da 'yan acaɓa ke gudu ba kama hannun yaro.

Na fita a guje, tsoron fatalwa ya bi iska. Na hango ta ta sa ƙafa a kwalta, wani mai babur ya taka birki har ya kusa faɗuwa, yana zagi. Kafin in isa ta kama gefen rigar nan. Mai rigar ya juyo, sai ga wani dattijo da ban taɓa gani ba, da kaza a hammata. Ya ce shi mutumin wani ƙauye ne ta wajen Baure, yakan shigo cin kasuwa, rigar kuma sadaka aka ba shi a masallaci. Daga baya na ji ƙanena ne ya kai kayan marigayin can. Dattijon ya ce ai yarinyar ta saba biyo shi, yakan ba ta gyaɗa ya ce ta koma gida. Da ya ji abin da muka ɗauke shi, ya yi dariya har kazar ta kusa kuɓucewa.

Na saɓa ta a kafaɗa muka juyo. A hanya na tambaye ta a hankali ko ba ta ga fuskar ba ta Kaka ba ce. Ta ce ta gani. Ta ce, “Ai kun ce ya yi tafiya. Mai rigarsa ya san inda yake, shi zai kai ni.” Gaskiyarta. Ranar da aka fitar da gawar, haka muka gaya mata don kada ta yi kuka, kuma tun daga nan take zaman jira a ƙofar gida. Na zauna da ita a zaure na faɗa mata Kaka ya rasu, ya koma wurin Allah, ba zai dawo ba. Ta yi kuka, ni ma na yi, sannan na koya mata yadda za ta riƙa yi masa addu'a. Da Inna ta ji labari, sai ta ce dama ta yi mamaki, mijinta ba mai yawo ba ne.

Iyaye, in ƙaramin yaro ya ce ya ga wanda ya mutu, kada ku yi masa tsawa, kada ku firgita a gabansa, kada kuma ku sayi labarin da alewa. Addu'a kam a yi, amma a zaunar da shi a tambaye shi a ina, da wane lokaci, me mutumin ya sa, me ya ce masa. In an yi rasuwa a gida a gaya masa gaskiya daidai hankalinsa. Mu uku manya mun shafe makonni muna fama da fatalwa, babu wanda ya san 'yarmu tana bin baƙo har bakin titi. Allah ne kawai ya sa baƙon mutumin kirki ne, kuma birkin babur ɗin nan yana ci.