Kare da Mage a Gidan Baba

A shekarar da na fara aikin kula da tsofaffi a gidajensu, kamfanin da ke tura mu ya haɗa ni da wani dattijo da ke zaune a babban titin Grand Concourse. Mutumin Puerto Rico ne, ya yi ƙuruciyarsa da girmansa yana tuƙa bas a cikin gari, bayan ya yi ritaya kuma ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Matar da ta kira ni daga ofis ta faɗa mini duk wannan, har da magungunansa da abincin da aka hana shi. Ba ta ce yana da kare ba.

Da na ƙwanƙwasa, 'yarsa ce ta buɗe. Kafin mu gama gaisawa sai ga wani jan kare matsakaici ya taho daga falo. Ya tsaya a gabana ya ɗage leɓensa na sama, haƙoran gaba duk a waje, ya kanne idanu, jikinsa na ta lanƙwasa. Na ja da baya, na janyo musu ƙofarsu na rufe, na tsaya a bakin matakala da jakata a hannu.

A Kaduna inda na taso, kare na gadi ne ko na mafarauta, kuma a waje yake kwana. In ya nuna miki haƙori, sai ki sunkuya kamar za ki ɗauki dutse. Iyakar abin da na sani ke nan.

'Yar ta sake buɗe ƙofa tana riƙe da shi a wuya. Ta ce, "Gaisuwa yake yi miki. Haka yake yi wa duk baƙon da ya zo."

Na shiga ne don na riga na yi doguwar tafiya a jirgin ƙasa na layin D, kuma ina son aikin.

Baba nake kiran dattijon, kamar yadda zan kira duk sa'an mahaifina. Ya tambaye ni ma'anar kalmar, na faɗa masa, ya ce ya karɓa. Maganarsa a hankali take fita saboda ciwon, ba ya kuma ɓata ta a kan abin da bai dame shi ba. A kan karen ne kaɗai yake doguwar magana.

Ya ce mini, "'Yata, daina kallon haƙoran su kaɗai. Dubi sauran jikin. Kin ga ya yi laushi, ya saukar da kai, jelar tana share ƙasa? Wannan ba mai cizo ba ne. Wanda za ki kiyaya shi ne wanda ya rufe baki ya sandare."

Na tambayi limamin masallacin da muke zuwa a unguwar Morrisania game da sallah a gidan da kare yake. Ya ce in ware rigar aiki daban, in sami wuri mai tsabta in shimfiɗa darduma. Sai na riƙa yin sallah a ƙaramin ɗakin da injin ɗinkin marigayiya matar Baba yake. Karen yakan raka ni ya kwanta a bakin ƙofa, ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa. Bai taɓa tsallakowa ba, ko da na bar ƙofar a buɗe.

Ban taɓa shafa shi ba a watannin farko. In ya matso, sai in kau da kai, in ba shi gefe. Duk da haka ni yake bi daga kicin zuwa banɗaki. Baba ya ce laifina ne. A wurin kare, wai, mai zuwa gaba da gaba yana zuba masa ido yana miƙo hannu ta saman kai, shi ne mara ladabi. Ni da nake gudunsa, ashe ladabi nake yi masa da yarensa.

Da rana, in babu sanyi sosai, nakan tura Baba a kekensa mu zagaya unguwa, igiyar karen a hannunsa mai lafiya. A nan na ga sauran halin karnuka. Wani yammaci wani saurayi ya taho da babban farin kare, jelarsa a miƙe sama tana kaɗawa sauri-sauri. Na ce wa Baba ga wani mai fara'a nan.

Ya ce, "Juya mu mu tsallaka titi."

Da muka tsallaka ya sa na waiwaya. Farin karen ya tsaya cak, nauyinsa duk a ƙafafun gaba, bakinsa a rufe, jelar kaɗai ke motsi. Namu kuwa ya yi hamma, ya lashi hanci, ya duƙufa yana shinshinar gindin wata bishiya kamar ya ga abin mamaki. Baba ya ce ba barci yake ji ba, ba kuma wani abu a gindin bishiyar. Cewa yake yi shi ba ya neman rigima. Kaɗa jela, in ji shi, ba ta nufin komai sai cewa zuciyar kare ta motsa, ko da murna ko da faɗa.

Akwai mage a gidan, mai launin toka, ta tsufa. Sai da na yi kwanaki kafin na san da ita, don a saman firij take wuni. Ta marigayiya ce, Baba kuma bai ɓoye cewa bai san ta kamar yadda ya san karen ba. Ya ce zaman haya suke yi tare, kowa da harkarsa.

Ita da kaina na koya. Ran da ta fara saukowa gabana, ta kwanta a kan kafet ta juya ciki sama. Mage ba baƙuwa ba ce a wurina, a gidanmu ma suna shawagi a tsakar gida, sai na kai hannu na shafa cikin. Ta rungume hannun da ƙafafu huɗu ta yakushe ni, ta tashi ta tafi ba gudu. Daga baya na gane in ta nuna ciki, ta saki jiki ne kawai, ba gayyata ba ce. In tana son hannu, takan zo da jela a miƙe, ƙarshenta a ɗan tanƙware, ta goga kumatu a ƙafata. In ta ishe ta, ƙarshen jelar zai fara bugun ƙasa, kunnuwan su juya gefe, sai in janye. Wani lokaci daga saman firij takan dube ni ta lumshe ido a hankali ta buɗe. Na fara mayar mata, ina yankan albasa.

Tsakaninta da karen ba faɗa, ba kuma shiri. Yakan zo ya duƙar da ƙirji ƙasa, ya ɗaga baya, yana kaɗa jela, neman wasa. Ita kuwa a wurinta jela mai kaɗawa haka alamar fushi ce. Sai ta kwantar da kunnuwa ta hura masa iska, shi kuma ya juyo ya dube mu.

A sanyin shekara ta biyu ta daina hawa firij. Ta koma gindin hita mai ɗumama ɗaki ta duƙa, ƙafafunta a tattare a ƙarƙashinta, tana wannan ɗan gurnani na maƙoshi da mage ke yi in ana shafa ta. Wuni take yi tana yinsa. Na ce wa Baba tana jin daɗin ɗumi, ya ce tsufa ne, shi ma da zai iya da a can zai zauna. Kwanon ruwanta yana saurin ƙarewa, na ɗauka zafin hitar ne. Gashin bayanta ya cukurkuɗe don ta daina lasar jikinta.

Wata Asabar 'yar ta zo, ta ɗaga ta don ta share wurin, sai ta tsaya da ita a hannu. Ta ce wa mahaifinta, "Papi, ba ta da nauyi ko kaɗan."

Ni na raka ta asibitin dabbobi da magen a cikin kwando. Likitar ta ɗebi jini, daga baya ta ce ƙoda ce, kuma ciwon ya yi nisa. Ta ce mage takan ɓoye ciwo har sai ya ci ƙarfinta, gurnanin nan kuma ba na daɗi kaɗai ba ne, tana yinsa in tana jin zafi. An gwada magani da ƙarin ruwa na ɗan lokaci, ba ta koma cin abinci ba. Ƙarshe 'yar ta kai ta aka yi mata allurar da ba a tashi. Ban je ba ranar, na zauna da Baba. Ya kalli wasan ƙwallo a talabijin da sautin a kashe.

Karen ya yi kwanaki yana zagaye gidan. Ya shinshina gindin hita, ya je ya ɗaga kai yana duban saman firij, ya dawo. Abincinsa yakan bar rabi. Na tambayi Baba ko kewarta yake yi.

Ya dubi karen. Sannan ya ce, "Ban sani ba. Wataƙila kewa ce. Wataƙila warinta ne yake raguwa, yana neman inda ya tafi. Iyakata abin da jikinsa ya nuna."

Da sanyi ya wuce, 'yar ta yanke shawarar ɗauke Baba zuwa gidanta a jihar Pennsylvania, saboda lif ɗin da ke hawa da mutane benen ya cika lalacewa. Na taya su haɗa kaya, aka ba wata maƙwabciya injin ɗinkin. Ranar tafiya na tura kekensa har bakin mota, muka shigar da shi gaba. Karen yana kujerar baya yana haki, ko da yake ba a zafi, kunnuwansa a manne da kai, yana lasar leɓe. Na ce da 'yar ta ɗan sauke masa gilashi. Baba ya ce tun yana ɗan kwikwiyo ba ya son mota, amma zai kwanta in sun hau babban titi.

Satin da ya biyo baya aka tura ni unguwar Soundview, wurin wata tsohuwa 'yar Ghana mai ciwon suga. Ita tsuntsu gare ta a keji, ta kuma ce kada in kula shi, ba ya son mutane.