Tarwadar da Na Yaba

Matar yayana takan yi farfesun tarwada duk ranar Asabar, tun da ta gano inda ake sayar da masu rai a kusa da unguwar Kampung Baru, a nan ƙasar masu Malayanci inda nake zaune a gidansu. Ran nan shayi da burodi nake ci a ɗaki, in rufe ƙofa, in cusa tawul a ƙarƙashinta saboda ƙarni. Takan ƙwanƙwasa ta ce, "Malama 'yar boko, yau ma sarautar ce ta motsa? Ke da kike suɗe ƙashin kai a Kano!" Ban taɓa gaya mata dalili ba.

A shekarata ta biyu a jami'ar da ke titin Jalan Semarak, inda nake karatun tsara birane, ƙawa ɗaya tak nake da ita. Mutuniyar tsibirin Jawa ce, a ƙasar Indonesiya. Tebur ɗaya muke zama a ɗakin karatu, kusa da taga. Sai da muka yi wata biyu muna gaisawa da kai kafin na iya buɗe baki. Ita ta raɗa mini Farfesa, saboda komai na gani sai na rubuta a ƙaramin littafin da ba na rabuwa da shi. Da hutu ya zo ta ce in bi ta ƙauyensu.

"Ban taɓa kai kowa ba," in ji ta, tana kallon allon kwamfutarta ba ni ba. "'Yan ajinmu sun ɗauka a birni na tashi, ni kuma ban gyara musu ba. Ke ce kawai na ga ba za ki raina ba."

Na yi wa kaina alkawari ko me na gani ba zan yamutsa fuska ba. Yayana ya yarda bayan ya yi magana da mahaifinta ta waya.

Jirgin sama, sannan bas mai tsayawa ko'ina, sannan babur a kan hanyar da laka ta cinye rabinta. Ƙauyen gidaje ne da ba su fi a ƙirga ba, a liƙe a jikin tudu, gonakin shinkafa hawa-hawa a ƙarƙashinsu. Abin da ya fara kama ni ruwa ne. Ni da na tashi a unguwar da ake jiran mai kura da jarka, sai ga ruwa yana gudu a gefen kowane gida, ta cikin gora da aka tsaga, ba mai kallonsa. Agwagi na wasa a ciki. Har na rubuta a littafina cewa waɗannan mutane Allah ya yi musu arziki.

Mahaifiyarta, wadda kowa ke kira Ibu, gajeriyar mace ce mai saurin hannu. Ta riƙe fuskata da tafukanta biyu tana magana da yarensu, ƙawata na fassarawa. Mahaifin, Pak, ya dawo daga gona da laka har gwiwa, ya ɗaga mini hannu daga nesa. Da magariba aka shimfiɗa tabarma, aka kawo shinkafa, da dakakken barkono, da ganyen rogo, da soyayyiyar tarwada a kan ganyen ayaba.

Kowa ya zuba mini ido. Ni kuma tun a bas nake neman abin da zan faɗa, ban samu ba. Da na ɗanɗana kifin sai na kama shi kamar igiya. Na ce a garinmu tarwada abincin manyan baƙi ce. Na ce ban taɓa cin mai daɗin wannan ba. Na ce ko kullum za a ba ni ba zan gaji ba. Da ɗan Malayancin kasuwa da na iya na faɗa, don Ibu ta ji da kunnenta. Ta tafa hannu, ta ɗauke na gaban Pak ta ɗora mini. Uku na ci a wannan zama. Kuma gaskiya ne, akwai daɗi, naman da maiƙo.

Da gari ya waye na raɗa wa ƙawata cewa ina son kewayawa. Ta ɗauki bokiti ta ce in biyo ta. Bayan gidan akwai kududdufi, ruwansa kore mai duhu, kumfa ta taru a gefe ɗaya. A tsakiyarsa an kafa sanduna huɗu na gora, an ɗora ɗan akurki a kai, an kewaye shi da tsoffin buhunan taki iya ƙugu. Katako ɗaya ne ya haɗa shi da gaɓa.

"Ki riƙe sandar sosai, akwai santsi," ta ce, ta juya baya.

Na taka katakon yana lanƙwasa. A cikin akurkin ba komai sai allo biyu da tazara a tsakaninsu. Na leƙa. Tun kafin in tsuguna ruwan da ke ƙasa ya fara tafasa. Bakuna ne, baƙaƙe, masu gashin baki, suna buɗewa suna rufewa, suna hawan juna. Sun san ƙarar katakon. Sun san abin da ke biyo bayanta. Wata ƙatuwa ta ture sauran ta tsaya daidai ƙarƙashin tazarar, baki a wangale, tana jira.

Na tuna maiƙon jiya. Na fito ban yi abin da ya kai ni ba.

"Lafiya, Farfesa?"

"Lafiya lau. Wurin da iska."

Da hantsi, da suka tafi gona, na ɗauki littafina na bi ruwan, don haka aka koya mana. Daga wata ƙorama yake sauka, ya shiga kududdufin gidan farko, mai nasa akurkin. Ya fita ta gora ya shiga na biyu, ya shiga na uku. Namu ne na huɗu. A bakin gorar da ke zubo mana, wadda na yi wa kallon arziki jiya, nan Ibu ke wanke shinkafa da kwanuka, nan ake alwala, nan na kurkure bakina da asuba. Na zana komai dalla-dalla: gidaje, akurkai, kibiyoyi masu nuna inda ruwa ya nufa, da 'yan kifaye a ƙarƙashin kowane akurki. Inda ake wanke shinkafa na kewaye shi da jan biro sau uku.

Daga nan komai na ƙauyen ya juye mini. Ganyen rogo da wane ruwa aka wanke shi? Shayi mai zaƙin da ake ba ni fa? Kajin da ke yawo a kan murhu, tsutsar da ta maƙale mini a idon sawu ta ƙoshi da jini sai da Pak ya ɗiga mata ruwan taba, warin laka da ke bin zanin gado, duk suka zama abu ɗaya a hancina. Alwala na koma yi da ruwan saman da ke taruwa a wani tsohon duro, a ɓoye. Kewayawa kuwa, tunda ba yadda zan yi, nakan je ido a rufe, yatsu a kunne, amma ƙafafuna suna jin allon yana girgiza saboda turmutsutsun da ake yi a ƙasa.

Da rana aka kawo tarwada. Na ci shinkafar gefe, na faki ido na miƙa wa kyanwa kifin ta bayan zanina. Ibu ta ga kwano wayam, ta yi murna, ta ƙaro biyu.

Abin da ya kamata in yi a bayyane yake: in ja ƙawata gefe in gaya mata. Amma duk lokacin da na buɗe baki sai in tuna yadda ta ƙi kallona a ɗakin karatu. Sai na zaɓi wata hanya. Na ce ina da ramuwar azumi, kuma ina so in sauke a nan tunda ba karatu. Ƙarya ce. Na gama ramuwata tun watan Shawwal, a rubuce take a littafin nan. Na ɗaura niyyar nafila don in rage wa kaina nauyi, na lissafa cewa aƙalla na tsira daga abincin safe da na rana, na dare kuma in ce cikin mai azumi ba ya ɗaukar maiƙo.

Ban san ƙauye ba. Washegari kafin azahar labari ya zaga cewa baƙuwar Afirka tana azumi a cikin hutunta. Tsofaffi mata suka riƙa zuwa suna shafa hannuna. Ɗaya mai jan baki saboda ganyen da take taunawa ta dunguri ƙawata ta faɗi wani abu, aka fashe da dariya.

"Me ta ce?"

"Wai ni na je birni na dawo da ƙiba, ke kin zo da lada. Wai a yi musanye, su riƙe ki, ni a mayar da ni."

Da rana ta faɗi, kowane gida ya aiko da abin buɗa-baki don neman lada. An riga an san abin da baƙuwa ke so. Gida na ɗaya ya aiko da gasasshiya, na biyu da dafaffiya cikin ruwan kwakwa, na uku a naɗe cikin ganye. Na san kududdufin kowace, ni na zana su. Na yi ta tsakura ina ture nama ƙarƙashin shinkafa, ina shan ruwan kwakwa ɗanye don shi kaɗai na yarda da shi. Kwana biyu ana haka.

Ranar da ta rage saura kwana ɗaya mu tafi, na ji hayaniya a bayan gida. Pak ya toshe gorar da ke shigowa, ya buɗe ta fita. Kududdufin yake zubarwa. Ƙawata ta ce ba a yin haka sai da biki ko salla, kuma akwai wata babbar tarwada da ya daɗe yana kiwo, yana cewa sai ranar aurenta.

"Ya ce aurena ya ƙi zuwa, mai azumi kuwa ta zo," ta faɗa tana dariya. Ban taɓa ganin ta sake jiki haka ba.

Ruwan ya ja, ƙasan ya bayyana. Baƙin taɓo ne mai kauri, mai ƙyalli, na shekaru. Warin ya taso ya zauna a kan gidan. Maƙwabta suka tuɓe takalma suka faɗa ciki da kwanduna, maza da mata, suna zamewa, suna jifan juna da shi, suna ihu. Pak ya nutsa hannu har kafaɗa daidai ƙarƙashin akurkin, ya fito da babbar tarwadar a rungume a ƙirjinsa, tsawonta ya kai hannuna. Ya ɗaga mini ita sama, taɓo na gangarowa ta gemunsa, yana murmushi. Na ɗaga masa hannu. Har tafi na yi.

Da aka kira magariba tabarma ta cika da mutane. Ibu ta ajiye mini kan kifin, ita da kanta ta ɓare naman kumatun ta miƙo mini a yatsunta. Ba kyanwa, ba shinkafar da zan ɓoye a ƙarƙashi. Na karɓa na sa a baki. Laushinsa kawai na ji, da ɗumi. Na tashi na tsallake ƙafafun mutane, ban kai ko'ina ba sai bakin lambatu, na amayar da ruwan kwakwar da duk abin da ya rage. Lambatun zuwa kududdufin gida na biyar yake gangarawa. Ina durƙushe na ji ruwansu ya fara motsi.

Ibu ta ce iska ce ta shige ni saboda azumi da sanyin tudu. Ta kwantar da ni rub da ciki, ta shafa mini mai, ta riƙa kankare bayana da gefen tsohon kwabo har ya yi jajayen layuka, tana faɗa wa Pak cewa laifinsa ne da ya bar ni a cikin raɓa. Ta aiki ƙawata ta ɗauko mini mayafi a jakata. Ta daɗe ba ta dawo ba. Da ta shigo, mayafin na hannu ɗaya, littafina na ɗayan, yatsanta a tsakanin shafuka. Ba ta jin Hausa, amma zane ba ya bukatar tafinta.

"Kin zana gidanmu da kyau, Farfesa," ta ce da Turanci, a hankali. Ta ajiye shi kusa da kaina.

A hanyar dawowa barci ta yi ta yi, ko ta yi kamar tana yi. Da aka koma karatu na tarar ta sauya tebur. Sai bayan mako uku na iya tare ta, na roƙe ta mu sha shayi a wani shagon mamak, irin na Indiyawa Musulmi, da ke bakin titi. Na shirya jawabi a rubuce, ban kai ga layi na biyu ba.

"Kin ɗauka ban san inda suke kwana ba?" ta ce. "Ni kaina rabona da ci tun ina sakandare. Da kin faɗa mini ranar farko, sai in ce wa Ibu kifi na sa miki ƙaiƙayi, ta soya miki ƙwai, shi ke nan. Amma kika zauna kina murmushi kina zana mu da jan biro, har tsoho ya shiga taɓo saboda ke."

"Kunya na ji. Ban so ki ga kamar na raina ba."

"To ba ki raina ba?"

Nan take wayarta ta yi ƙara. Ibu ce, ta bidiyo. Da ta gan ni ta kusa cusa fuskarta cikin wayar, tana tambaya ko iskar ta fita, ko ina cin abinci, tana nuna ni ga wata maƙwabciya. Sannan ta faɗi wata doguwar magana tana nuni da bayan gidan.

"Ta ce Pak ya cika kududdufin ya zuba sabbin 'ya'yan tarwada," in ji ƙawata. "Ta ce kafin babban hutu sun girma. Tana tambaya yaushe za ki dawo." Ta kawar da wayar gefe ta dube ni. "Me zan ce mata?"

Na sunkuyar da kai ina juya kofin shayina. Ta jira ni daidai gwargwado. Sannan ta mayar da wayar gabanta, ta faɗi 'yan kalmomi da yarensu, Ibu ta gyaɗa kai, fuskarta ta ɗan sauka. Ƙawata ta kashe wayar, ta shanye shayinta a tsaye, ta ce tana da lacca. Ba ta fassara mini abin da ta ce ba, ni kuma ban tambaya ba.