Matar da Ba Ta Taɓa Jin Ƙarshen Wa'azi Ba

Ta yaya macen da ta shekara ashirin da bakwai ba ta ji wa'azi har ƙarshensa ba ta fi masu zama a layin gaba sanin inda Allah yake? Na juya tambayar nan a raina har na gaji, ban samo amsar da za ta kwantar mini da hankali ba. Abin da na sani shi ne matar tana nan da ranta, ta ajiye tsintsiya a makon jiya, kuma abin da aka yi mata ya fi ƙarfin a yi shiru.

Gwaggo kowa ke kiranta, har fasto. Ita ce mai sharar cocinmu. Kafin rana ta ɗaga ta goge kujeru, ta kakkaɓe tagogi, ta cika randuna biyu da ke barandar baya. Ranar Lahadi kusa da ƙofa take zama. Da zarar jariri ya tsala kuka, kafin uwar ta gama jin kunya, Gwaggo ta miƙa hannu ta karɓe shi ta fita. Shi ya sa ta san farkon kowane wa'azi, ba ta san ƙarshen ko ɗaya ba. Mijinta, tsohon direba mai shegen barkwanci, yakan ce matarsa ta ji cewa kifi ya haɗiye annabin nan, amma har yau ba wanda ya faɗa mata ko ya fito.

Babban aikinta kuwa ba wanda ya ba ta shi. Idan aka rufe makarantu dogon hutu, zafi ya sauka, ɗakunan haya masu rufin kwano su zama kamar tanda, iyaye su tafi wurin aiki zuciyarsu na gida, sai Gwaggo ta buɗe ƙaramar ƙofar bayan coci. Yara su cika baranda da inuwar bishiya. Ba ta da allo, ba ta da tsarin darasi. Doka ɗaya gare ta: da tsakar rana a jeru a sha ruwa, kuma kafin kowa ya karɓi kofi ya faɗi inda ya ga hannun Allah yau.

Wata ta ce a fankarsu da ta mutu, babanta ya taɓa ta, ta tashi. Wani ya ce mamarsa ta dawo aiki a gajiye amma ba ta yi faɗa ba. Wata 'yar shekara biyar ta ce a cikin kankana, don bayanta kore ne, cikinta ja, kuma ba wanda ya buɗe ta ya shafa mata launi. Wanda ya ce bai ga komai ba, shi Gwaggo ke fara miƙa wa kofi, ta ce ya sha, ya ci gaba da dubawa, yini bai ƙare ba.

Tambayar ta bi yara har gida. Wata ma'aikaciyar jinya ta faɗa mini da bakinta cewa ta kwana uku ba ta magana da mijinta, sai ga 'yarsu ta tsare su a kan abinci, ta ce kowa ya faɗi nasa. Mijin ya ce ya gan shi a hannun da ya dafa abincin nan duk da mai hannun tana fushi da shi. Daga nan aka shirya. Ba taron sulhu, ba kwamiti.

To, bara aka shimfiɗa sabon daɓe mai sheƙi a barandar, kuma a makon farko na hutu ƙwallo ta fasa gilashin taga guda ɗaya. Shugaban kwamitin dattawa, wanda ake ce wa Baba Ciyaman, ya sayo kwaɗo ya datse ƙofar baya. A taro ya ce gidan Allah ba filin wasa ba ne. Da ya tsaya nan, da na yi masa uzuri. Amma ya ƙara da cewa bai ga dalilin da za a bar tarbiyyar yara a hannun matar da ko wa'azi ba ta iya zama ta ji ba.

Nan ne raina ke ɓaci duk lokacin da na tuna. 'Ya'yan wa take fita da su? 'Ya'yansa uku a kafaɗarta suka yi barci yayin da shi yake zaune a gaba yana kaɗa kai, yana cewa amin. Duk wa'azin da ya ji a natse, ita ta ɗauke masa kukan da zai hana shi ji. Ya ci amfanin rashin zamanta, sannan ya mayar da shi laifi, kuma dattawa bakwai suna wurin, kowannensu ta taɓa goge wa ɗansa majina, ba wanda ya buɗe baki.

Gwaggo ta same shi a gida, ta durƙusa ta roƙi makulli. Ta ce za ta hana ƙwallo, za ta riƙa wanke daɓen sau biyu a yini. Ko kallonta bai yi sosai ba.

"Muddin ina kan kujerar nan, ƙofar nan sai Lahadi," in ji shi.

Ta kwashi yaran zuwa gidanta, ɗaki ɗaya da 'yar farfajiya, inda jikokinta huɗu suka riga suka zo hutu. Yara ashirin da uku. Tsohon direba ya rasa inuwar da yake miƙe ƙafa, ya yi ta mita cewa ya bar ɗaukar fasinja, ga shi an mayar masa da gida tasha, kuma ba mai sauka. Amma shi ke yanka kankana, yana auna kowane yanki da ido don kada a yi rigima. Ita kuwa ta share coci da safe, ta dawo da sauri cikin rana, ta ɗebo ruwa, ta koma da yamma. Mako bakwai haka. Gwiwoyinta ba su sake dawowa daidai ba. Likita ya ce ta ajiye aiki, kuma ta daina hidimar yara a wannan matsatsin. Ga shi wani hutun ya zagayo, ga ƙofa a kulle, ga iyaye suna tambayar juna inda za su kai 'ya'yansu.

Lahadin da ta wuce aka yi mata sallama. Baba Ciyaman ne ya karanta takardar yabo, da murya mai daɗi, ya kira ta baiwar Allah mai aminci, ya ce ta fito gaba. Aka yi ta tafa hannu. Kujerarta babu kowa. Tana waje tana jijjiga jikarsa da ta fashe da kuka tun a waƙa ta biyu. Mutane suka yi dariya. Ni dai kunya ce ta kama ni.

Gwaggo, ke ce kika koya wa 'ya'yanmu cewa Ubangiji ba ya tafiya hutu ranar Litinin. Ke ce kika nuna musu shi a kofin ruwa, a fanka, a haƙurin uwa, alhali mu da muka iya doguwar addu'a muna wucewa ta gabansa kullum ba mu gaishe shi ba. Uwar marasa inuwa, mun ci hakkinki, mun kuma gode. Allah ya warkar da gwiwoyin nan, ya sa ki ji ƙarshen wa'azi ko sau ɗaya a zaune. Ku kuma masu karatu, a hutun nan ku tambayi 'ya'yanku inda suka ga hannun Allah, ku saurari amsar ba tare da gyara ba. In akwai wadda ke fita da kukan ɗanku don ku ji Maganar Allah a natse, wata Lahadin ku karɓe ta.

Ranar Litinin aka fara hutu. Yara suka taru a bakin ƙofar baya kamar da, cikin rana. Cikinsu har da jikokin Baba Ciyaman biyu, waɗanda surukarsa ta sauke a wurin kan hanyarta ta zuwa aiki, ba ta nemi shawarar kowa ba. Gwaggo ta zo tana dogara sanda, mijinta na biye da kujera. Ta zauna tare da su a waje. Ba ta aika a kira kowa ba, amma labari ya kai.

Baba Ciyaman ya iso wajen sha ɗaya, rigarsa ta jiƙe. Ya dubi jikokinsa, ya dubi sauran. Ko tuba ce ta kawo shi, ko gumin da ya gani a goshin jikokinsa, ban sani ba, kuma na daina ƙoƙarin rabe su. Ya zaro makulli ya miƙa wa Gwaggo, yana kallon gefe.

Ba ta ɗaga hannu ba.

"Ni na ajiye aiki, Baba Ciyaman, ai kai ka karanta takardar. Kai ka kulle, kai za ka buɗe. Kuma gobe ma ƙarfe takwas suke zuwa."

Kwaɗon ya yi tsatsa, sai da ya sha fama, tsohon direba na ba shi shawarar da bai nema ba. Da ya buɗu, ya tura ƙofar, ya riƙe ta da kafaɗa har yaro na ƙarshe ya shige.