Wanda Ya Ƙi Ajiye Guga

Ban iya rubuta sunana ba sai bayan da na aurar da 'yata ta fari. Duk wanda ya ga rubutun nan a karkace ya yi haƙuri, hannun ya fi sabawa da taɓarya.

Ƙauyenmu yana gaba da garin Babban Mutum, daf da iyaka. In ka tsaya a bayan gidanmu kana hango rumbunan wani ƙauye. Su a Nijar suke, mu a Najeriya, amma kakanninmu ɗaya. Can aka kai yarinyar. Ta fari ce, ba na kiran sunanta ko a tsakar gida, balle a takarda. Mu da su rijiya ɗaya muke sha, tsohuwa, mai zurfin da in ka zura guga sai hannunka ya gaji kafin ka ji ya taɓa ruwa. Da bazara kuwa laka muke kwasowa mu tace da ɗankwali.

Inda mata da yawa suka taru a kan ruwa kaɗan, faɗa ba ya ƙarewa. Shi ya sa tun kafin a haife ni akwai yadda ake yi. In an yi rigima a bakin rijiya, sai a kai masu rigimar gindin tsamiyar da ke tsakanin ƙauyukan biyu, gaban dattawan nan da na can. Kafin kowa ya buɗe baki, sai ya ajiye gugansa a tsakiyar tabarma. Ma'anarsa, abin da aka yanke na yarda, ko ya yi mini daɗi ko bai yi ba, kuma ba zan ɗauki gugana ba sai an gama. Wanda ya ƙi ajiyewa ba a sauraronsa. Da idona na ga an sallami matar mai gari da guganta a hannu, tana ta zage-zage, ba wanda ya tanka mata.

A shekarun da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu, Turawa suka yi ta zuwa ƙasar Daura kamar an yi musu shela. Lokacin ina ajin yaƙi da jahilci a makarantar firamare, da la'asar bayan yara sun tashi. Rannan muna fama da baƙaƙe sai ga farar mota biyu. Daga ɗaya wata doguwar Baturiya ta fito, daga Turai, ta ɗaura ɗankwali don girmama mu, amma ɗaurin kamar na mai ciwon haƙori. Daga ɗayar wani ƙaton mutum ya fito, Ba'amurke, fuska ja wur, yana ta dariya tun ba a ce komai ba. Tare da su akwai tafinta, wani magidanci mutumin Zango.

Baturiyar ce ta fara. Tana so ta ji ko shari'a ta takura mana. Ta ce akwai dokokin da ƙasashen duniya suka sa wa hannu don kare mata, kuma ana kafa wata kotu wadda take sama da duk kotuna, har shugabanni za a iya kai wa gabanta. Ta daɗe tana magana, idonta har da ƙwalla.

Na ɗaga hannu kamar yadda malama ta koya mana.

"Kai ɗan nan, tambaye ta, kotun nan tana raba ruwa?"

"Inna, haka zan faɗa?"

"In ba za ka faɗa ba, matsa in faɗa mata da hannu."

Ya faɗa. Ba'amurken ya yi dariya har da dukan cinya. Ita kuwa ta rubuta. Na ɗauka shi ke nan, sun manta da mu. Ashe za su dawo. Bayan damina suka dawo da albishir ɗin rijiyar burtsatse da famfon tuƙa-tuƙa. Ranar na yi guɗa har muryata ta dishe. Ba kaina nake tunani ba, yarinyar nan tana da ciki, kuma ita ke jan guga a gidansu.

To, sai rigima ta tashi tsakaninsu, a gabanmu, a gindin tsamiya. Ita ta ce a haƙa a kan iyaka daidai, a kafa kwamiti na ƙasashen biyu, a rubuta dokoki, takardu su je ƙaramar hukuma, su je Katsina, su je Abuja, su je Yamai, daga nan su haye teku zuwa wani babban ofis da ke kula da kowa. Shi ya ce injin haƙa na mutanensa ne, a haƙa a ɓangarenmu inda ya san wanda zai kama in abu ya lalace, a sa kwaɗo, mutum ɗaya ya riƙe makulli. Suka yi ta yi da Turanci, ita tana nuna shi da biro, shi yana kaɗa kai yana murmushi.

Wata tsohuwa kusa da ni ta ce, "Oho, miji da mata ne. Dubi yadda take masa, dubi yadda ba ya ji."

Duk muka yarda. Tare suka zo, tare suke tafiya, fata ɗaya, harshe ɗaya, ga kuma irin wannan faɗa. Me ya rage?

Mai gari ya ce wannan ai rigimar ruwa ce, a yi mata yadda aka saba. Da yake ba su da guga, aka ce kowa ya ajiye makullin motarsa a tabarma. Tafinta ya bayyana musu ma'anar abin tiryan-tiryan. Baturiyar ta tuɓe takalmi, ta durƙusa, ta ajiye nata da hannu biyu, fuskarta kamar an ba ta kujerar Makka. Shi kuwa ya jefa nasa sama, ya cafe, ya mayar aljihu.

"Ranka ya daɗe," in ji tafinta, "ya ce zai saurari duk abin da za ku faɗa, yana girmama ku ƙwarai, amma makullinsa ba ya barin aljihunsa."

A al'ada nan ya kamata a tashi. Amma liman ya duƙa ya yi magana da dattawa ƙasa-ƙasa. Ai gida ɗaya guga ɗaya ake ajiyewa. In mace ta ajiye, ta ajiye wa mijinta. Maza dai ka san su da girman kai a gaban jama'a. Kowa ya gyaɗa kai, har da ni. Ba wanda ya tambayi tafinta, shi kuma yana can yana fama da wani dogon bayani da Baturiyar ta sake ɗaukowa.

Aka yanke: a haƙa a kan iyaka, ruwan na kowa ne, rigimarsa a gindin tsamiya. Baturiyar ta tafa. Ba'amurken ya ɗaga wa kowa hannu ya shiga mota.

Muka kama aiki. Matan ƙauyukan biyu muka yi ta jidar tsakuwa da yashi a kwanuka muna tarawa a kan iyaka. Ina ganin yarinyar da cikinta tana ɗauko nata, in kawar da kai kamar ban san ta ba, zuciyata tana tafasa. Tsakuwa ta yi tudu. Muka jira. Wata ya mutu, wani ya tsaya.

Ranar da injin ya zo, bai ko kalli tudun tsakuwarmu ba. Ya wuce bayan makarantar firamare, can cikin ƙauyenmu, ya kafa hanci a ƙasa. Kafin mu gama mamaki ruwa ya ɓullo, an sa famfo, an zagaye da waya, an rataya kwaɗo.

Na sami tafinta a jikin mota.

"Wane irin miji ne wannan? Matarsa ta ajiye masa makulli a gaban dattawa, ya zo ya kunyata ta?"

Ya kalle ni baki buɗe. "Inna, wace mata? Ko ƙasarsu ba ɗaya ba ce. Ofishinsu daban, masu ba su kuɗi daban. A masauki ma ba sa cin abinci a tebur ɗaya."

Na koma gida ina huci. Malam, maigidana, yana zaune a zaure da rediyonsa a kunne, kamar kullum. Na zayyana masa.

"Ai kullum ana faɗa a nan," ya ce, ko ɗago kai bai yi ba. "Mutanen Turai sun sha yaƙi sun ƙoshi, yanzu so suke a yi wata hukuma sama da kowa. Su kuwa Amurka, da su aka gina zauren da ƙasashe ke taruwa, a ƙasarsu ma yake, amma sun ce ba alƙalin waje da zai hukunta ɗansu."

"Ka san haka, kana zaune a gindin tsamiya, ka yi shiru?"

"An tambaye ni?"

Da ba don tsoron Allah ba, da rediyon nan ya kwana a tsohuwar rijiya.

Ban tsaya nan ba, na tare Turawan su biyun. Ba'amurken bai ɓoye komai ba, wannan kam na ba shi. Ya ce kuɗin na mutanen ƙasarsu ne, su zai yi wa bayani, ba zai miƙa wuyansa ga waɗanda mutanensa ba su zaɓa ba. Ya nuna famfon ya ce, in ya jira takardunta, jikokina ne za su sha. Baturiyar ta ce in babu doka a kan kowa da kowa, mai ƙarfi ne zai riƙa sha, mara ƙarfi ya kalla. Na ce to ina hannun da za a sa mana? Ta ce takardar ta bar Abuja, ana jiran wani taro. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Shi ya kawo ruwa ya ƙi hukunci, ita ta rungumi hukunci ko ɗigo babu a ciki, mu kuma ga mu da tudun tsakuwa.

Maganarta ba ta daɗe ba ta tabbata. Tun ba a yi bikin buɗewa ba, mutanen ƙauyenmu suka fara cewa namu ne. Waɗanda jiya muke tace laka tare! Ranar gwajin famfo matan ƙetare suka zo da jarkoki, yarinyar tana cikinsu, da ƙyar take ɗaga ƙafa. Maƙwabciyata, wadda na yi wa wankan jego da hannuna, ta tsaya a bakin waya ta riƙe ƙugu.

"Ku je ku sha kwamiti!"

Aka kwashe da dariya. Suka juya da jarkokinsu wayam, suka nufi tsohuwar rijiya. Yarinyar ba ta kalle ni ba, ni ma ban kalle ta ba.

Ranar buɗewa aka taru, har da dattawan ƙetare, sun zo dai don kada a ce sun yi fushi. Ba'amurken yana son mace ɗaya wadda ta iya sa hannu ta riƙe makullin kwaɗon. Malama ta nuna ni. Na rubuta sunana a hankali, harafi bayan harafi, ya danƙa mini makulli, aka tafa.

Ban nufi famfo ba. Na juya na kama hanyar tsamiya, jama'a suka biyo ni suna tambayar lafiya. Na sa aka shimfiɗa tabarma, na ajiye makullin a tsakiya.

"Allah ya ba ka nasara," na ce wa mai gari, "ga gugana. Ina ƙarar ƙauyenmu a kan matan ƙetare."

Maƙwabciyata ta ce, "Matan ƙetare ko mutum ɗaya a cikinsu?"

"Je ki ɗauko guganki ki ajiye, sannan ki yi magana."

Ta kuwa ɗauko, don ta san ba za a saurare ta ba sai da shi. Ba'amurken ya ɗaga kafaɗa ya ce makullina ne yanzu, in yi yadda na ga dama, shi dai ni zai tambaya. Baturiyar ta zaro abin ɗaukar hoto, wai wannan shi ne abin da take ta faɗa. Na ce wa tafinta ya gaya mata ta mayar da shi jaka, ta je ta kawo sa hannun da ta yi mana alkawari.

Abin da na roƙa shi ne a bar wa matan ƙetare safiya kullum, tunda daga nesa suke, kada rana ta same su a hanya. Kuma makulli ya zauna a hannuna. Dattawa suka daɗe suna shawara. Da suka gama, liman ya ce safiya karɓa-karɓa ce, rana ɗaya ta can, rana ɗaya ta nan, sauran yini na kowa ne. Makulli kuma zai kwana wurin limamin da ƙauyensa ke da safiya. Ni ba ni da shi.

Wallahi sai da na yunƙura. Ni aka ba, ni na sa hannu, da karatuna na samo shi! Hannuna ya kusa kai tabarma sai na ji Malam a bayana, a hankali yadda ni kaɗai zan ji.

"Amurka, zauna."

Na zauna. Har yau in na tuna raina sai ya ɓaci, kuma har yau in na cika masa kunne da wannan sunan yake kirana.

Takardar Baturiyar ta iso daga baya, jikana yana tafiya da ƙafarsa. An kafa babban allo a kan tudun tsakuwarmu da sunan kwamiti cikin harsuna uku. Awaki suna jin daɗin inuwarsa.

Amma washegarin hukuncin safiyar ƙetare ce. Ina shara a ƙofar gida suka wuce a jere, ruwa yana zuba a kafaɗunsu. Yarinyar ta rage tafiya, jarkarta a hannu, ta ce, "Inna, ina kwana." Na amsa ba tare da na ɗago ba, kamar yadda ya kamata. Jarkar kawai na kalla. A cike take, ruwan garau, har ana ganin ƙasan jarkar ta cikinsa.