Murfin da Bai Fito a Hoto Ba

Maigidana mai walda ne a Dutsin-Ma, kuma in dai injin markaɗen gyaɗa ne ban ga wanda ya kama ƙafarsa ba, ba don yana mijina ba. Amma ka ce ya rubuta maka yadda ake aiki da injin, sai ya hau susar ƙeya. Shekarar da wata ƙungiya mai tallafa wa mata ta ba shi aikin injunan da za ta raba a ƙauyukan Kurfi, suka ce dole kowane inji ya tafi da littafin bayani mai hotuna, yadda ko wadda ba ta yi boko ba za ta gane. Aka haɗa shi da wani kamfani a Kaduna, su sana'arsu ke nan, rubuta wa masu ƙera kaya irin wannan littafi.

Samari biyu suka turo, masu ladabi. Suka yini a shago suna ɗaukar hoto suna tambaya. Na kai musu abinci na tarar sun zo kan bel, robar nan da ke juya injin. Suka ce murfin ƙarfen da ke kansa ya tare musu gani, Malam, wato maigidan nawa, ya kwance shi ya jingine a bango. Littafi ya dawo tsaf, takarda sai sheƙi take. Malam ya riƙa nuna wa duk wanda ya shigo kamar an yi masa haihuwa. Ni ma na buɗa na yaba.

Injin farko Rawayau ya nufa, wajen Gwaggona, ƙanwar mahaifina, wadda ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyata. Ita ce shugabar masu ƙuli-ƙuli a can, kuma taurin kai a wajenta na gado shi. Tana da wani hijabi, tun ina budurwa nake ganinsa, ya koɗe ya yi shara-shara har kana hango rana ta cikinsa. Na yi faɗa har na gaji. Da ƙaramar salla na sayo mata sabo, yadi mai kauri, har ƙasa, na ce wallahi in na sake ganin tsumman nan wuta zan sa masa. Ta ce to, ta jefa sabon a akwati.

Wata safiya da kaka ina wanke-wanke, sai ga wayarta.

"Ɗiyata, inji ya iso lahiya lau. Mai gyaran babur ya haɗa muna shi, yana duban hoto yana ɗaurawa, yadda littafi ya nuna. Ki yi ma mijinki godiya, har gyara ya yi muna."

"Wace gyara, Gwaggo?"

"Wani dogon ƙarfe mai zurfi, babu shi cikin hoto. Muka ce ai gyara ce, yadda mai hatsi ke ƙara maka hannu guda bayan awo. Na zuba ma kaji ruwa ciki. Yanzu za mu tada injin."

Kwanon da ke hannuna ya suɓuce. Ina yarinya, a gidan niƙan unguwarmu, a kan idona bel ya kama mayafin wata mata. Kafin mai injin ya kai hannu ya kashe, an gama. Ƙarar da kanta ya yi a jikin ƙarfe har yau tana kunnena.

"Gwaggo, kar ku tada! Murfin bel ne! Gwaggo!"

Layi ya riga ya yanke. Na kira, na sake kira, ba ta shiga. A gidansu sai an hau tudun bayan gida ake samun waya, kuma na san ta sauko.

Da kumfa a hannu na isa shago. Na fizgi littafin na buɗe wa Malam, ina gaya masa abin da Gwaggo ta ce. Shafi bayan shafi, ga bel nan tsirara, yadda aka ɗauke shi ran nan. Maganar murfi tana can ƙarshe da ƙananan baƙaƙe, wa zai kai can? Malam ya yi salati, ya fara laluben lambar kamfani.

"Malam, daga Kaduna za a kashe injin? Tada babur, don Allah!"

Ban taɓa ɗaga masa murya a gaban mutane ba sai ranar. Nan take ya tada babur.

Hanyar nan na sha bin ta, amma ban san tana da tsawo haka ba. Muka wuce Birchi ban ga kowa ba, bakina sai ya Salamu, ya Salamu. Na san inda ake tsayawa a zuba gyaɗa, a sunkuye, dab da bel. Na san Gwaggo ba za ta bar wata ta riga ta ba. Sai kuma wani abu ya faɗo mini: yau ranar buɗe inji ce, mata za su taru, ranar ado ce. Na tuna mai yadin da na sayi hijabin a wajensa, yadda ya kama shi da hannu biyu ya ja iya ƙarfinsa, yana ce mini, "Hajiya, wannan ko bijimin sa aka ɗaure da shi ba ya yagewa." Na damƙi rigar Malam na ce ya ƙara wuta, ko za mu faɗi mu faɗi.

Da muka shiga Rawayau na kasa kunne ko zan ji kukan inji. Shiru. Mata sun yi cirko-cirko a ƙofar gidan. Na sauka na kutsa ta cikinsu na shiga.

Injin na fara gani, da ƙyalle nannaɗe a jikin bel. Na kasa ɗaga ido. Sai na ji wata murya a shaƙe daga gindin darbejiya.

"Ke kuma mi ya kawo ki babu takalmi?"

Gwaggo ce zaune a kan tabarma, babu hijabi, sai ɗankwali a kanta, wuyanta da jan shaci kamar an ja mata igiya. Na durƙusa na rungume ta na fashe da kuka, ina yi ina zagin littafi da masu littafi.

"Ya fizge ni ya shaƙe," in ji ta, "har na ga duhu. Sai na ji ya yage, na faɗi baya." Ta haɗiye miyau da ƙyar. "Naki na ɗauko zan sa, har na zura kai. Sai na ce man gyaɗa zai ɓata shi, bari in sa tsohon, ai ba ki nan balle ki yi mani faɗa."

Malam ya zubar da ruwan kajin ya ɗaura murfin. A ranar ya sa aka tsayar da rabon sauran injunan, sai da kamfanin ya sake hotunan, ya kawo maganar murfi shafin farko. Su ma sun tsorata, har gaisuwa suka aiko wa Gwaggo.

Ni na kwance tsumman daga jikin bel da hannuna, wanda na rantse zan ƙona. Gwaggo ta ce in bar mata ta riƙa sauke tukunya da shi, na hana. Yana nan a akwatina a ninke, a saman kayan sallata.